Yadda Ake Cire Gam ɗin Kalmasa Daga Jikin Yadi Ba Tare da An Lalata Tufa Ba

Gam ɗin kalmasa, wanda teloli da masu sayar da kayan ɗinki suke kira hemin gam, wani siririn abu ne fari mai shara-shara da ake sayarwa a naɗe. Ana shimfiɗa shi tsakanin ninki biyu na yadi, a ɗora dutsen guga mai zafi, sai ya narke ya haɗe su wuri ɗaya ba tare da allura ko zare ba. Yana rage wa tela aiki ƙwarai, musamman a bakin wando da siket da labule, da kuma duk inda ba a so layin ɗinki ya bayyana a fuskar tufa. Matsalarsa takan taso ne ranar da aka buƙaci warware kalmasar. Yaro ya yi tsawo ana so a sauke masa ƙafar wandon makaranta, ko an manna bakin labule a karkace, ko gam ɗin ya leƙo ta gefe ya shafi fuskar yadi, ko kuma ya liƙe a ƙasan dutsen guga ya bi ya ɓata wata rigar da ba ruwanta.

Kafin a taɓa tufar, ya kamata a fahimci irin abin da ake fama da shi, domin yawancin ɓarnar da ake yi a wannan aiki daga rashin sanin halin gam ɗin take fitowa. Roba ce da aka yi daga dangin nailan ko dangin foliyesta, aka tsara ta ta yadda za ta narke a zafin da bai kai na yadin kansa ba, galibi tsakanin digiri 110 da 150 a ma'aunin Selsiyas. Idan ta narke takan kwarara ta shiga tsakanin zaruruwan saƙa, idan ta huce kuma ta daskare a can ciki ta riƙe su. Halinta kamar na kakin kyandir ne, wato duk sanda zafi ya sake samunta za ta sake yin laushi. Saboda haka ruwa da sabulu ba sa narkar da ita, cuɗawa da buroshi ba ta fitar da ita, fizgar kalmasar da ƙarfi tana sanyi kuwa tsinke zaren yadi take yi, ta bar wurin da gashi-gashi ko ma ta yaga shi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a mayar da gam ɗin laushi da zafi da tururi, sannan a ba shi wani ƙyallen da zai koma kai. Sinadarai suna da nasu gurbin, amma sai a ƙarshe, bayan zafi ya gama iya abin da zai iya.

A fara sanin irin yadin

Zafin da zai narkar da gam yana iya ƙona yadi ko ya sa shi sheƙi marar kyau, don haka matakin farko shi ne tantance abin da aka saƙa tufar da shi. Idan tufar kanti ce, a duba ɗan ƙyallen bayani da ke cikin wuya ko gefen ɗinki. Hoton dutsen guga mai ɗigo 1 yana nufin zafi kaɗan, wajen digiri 110. Mai ɗigo 2 matsakaici ne, wajen digiri 150. Mai ɗigo 3 shi ne zafi sosai, wajen digiri 200. Idan an ja wa hoton dutsen gugar layi biyu a gicciye, masu yin tufar sun hana a goge ta ke nan, kuma irin wannan gara a kai ta wurin ƙwararrun masu wanki da guga.

Yawancin tufafinmu na tela ne, ba su da wannan ƙyalle. A nan sai a zaro 'yan zaruruwa kaɗan daga rarar yadin da ke cikin ɗinki, a riƙe su da hantsaki, a kai musu ashana a wuri marar haɗari. Auduga tana ci da wuta da sauri, warinta irin na ƙonannar takarda ne, tokarta kuma laushi gare ta. Foliyesta da nailan narkewa suke yi su dunƙule su zama ɗan ƙwallo mai tauri. Ulu da siliki na asali warin ƙonannen gashi suke yi, kuma abin da suka bari yana murƙushewa a tsakanin yatsu. Yadin da aka gauraya, irin na yawancin kayan makaranta, yakan nuna alamu biyu a lokaci ɗaya, kuma a kan zaren da ya fi rauni ake yi masa hukunci. Atamfa ta auduga zalla da kaki da jins suna jure zafi sosai. Shifon da leshi na roba da yadin hijabi mai santsi da duk wani yadi mai talewa suna bukatar a bi su a hankali.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar dutsen guga, wanda in da hali ya zama na lantarki mai makunnin daidaita zafi, fararen tsummoki na auduga masu tsabta guda da yawa, waɗanda ba a damu da su lalace ba, kwano da ruwa mai tsabta, hantsaki, cokali ko tsohon katin roba na kankarewa, audugar kemis, da kwalbar sifirit marar launi. Tsohon zanin gado fari da aka yayyanka ya wadatar. Dalilin nacewa a kan fari shi ne, tsumma mai launi yana iya zubar da rininsa a jikin tufar idan zafi da damshi suka haɗu. Haka nan kada a yi amfani da jarida, domin tawadarta za ta koma kan yadi ta ƙara wani tabon a kan wanda ake ƙoƙarin cirewa. A shimfiɗa tsumma ɗaya a kan teburin guga tun farko, saboda gam ɗin da zai ratsa ta ƙasa kada ya liƙe a teburin ya jira tufa ta gaba.

Duk abin da za a yi, zafi ne ko sinadari, a fara gwada shi a wani lungu da ba a gani, kamar cikin ninkin kalmasar ko rarar ɗinkin gefe. A bar wurin gwajin ya huce ya bushe tukuna a duba, domin wani canjin launin ba ya bayyana sai yadi ya bushe.

Buɗe kalmasar

A juya tufar baibai a shimfiɗa ta, ninkin kalmasar yana kallon sama. A jiƙa tsumma ɗaya a matse shi sosai har ya daina ɗiga, a shimfiɗa shi a kan ɗan yanki na kalmasar da bai wuce faɗin dutsen gugar ba. A saita dutsen a zafin da yadin zai iya ɗauka, ga auduga matsakaici zuwa sama, ga yadin roba ƙasa da haka. Sai a ɗora dutsen a kan jiƙaƙƙen tsumman a bar shi wuri ɗaya na tsawon daƙiƙa 10 zuwa 15. Ba a goga shi gaba da baya kamar gugar yau da kullum, domin gogawa tana baza narkakken gam zuwa inda bai kai ba a da, kuma ba a danna shi da ƙarfi, domin dannawa tana ƙara tura gam cikin saƙa. Nauyin dutsen kawai ya isa.

Da zarar an ɗaga dutsen da tsumman, nan take a kama bakin ninkin da hantsaki a ɗaga shi a hankali. Saurin yana da muhimmanci, saboda gam ɗin yana fara daskarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Hantsakin kuma kariya ce ga yatsu, domin narkakkiyar roba tana liƙewa a fata tana ci gaba da ƙuna. Idan ninkin ya buɗe cikin sauƙi, a matsa zuwa yanki na gaba. Idan an ji yana turjewa, kada a ja shi da ƙarfi. A sake jiƙa tsumman a ƙara ɗora dutsen na wasu daƙiƙoƙi. Jiƙaƙƙen tsumman aiki biyu yake yi: yana kare yadi daga ƙuna, tururinsa kuma yana kai zafi har cikin ninkin, sannan gam ɗin da aka yi da dangin nailan yana ƙara laushi idan ya sha damshi. Haka za a bi kalmasar yanki-yanki har a zagaye ta. Ƙafar wando ba ta ɗaukar lokaci, amma bakin labule mai faɗi yana bukatar a zauna masa.

Yayin da ake buɗewa, wasu sassan gam ɗin za su fito a dunƙule ko a zare-zare, musamman idan wanda ya manna shi tun farko bai ba shi zafi sosai ba. A tsince su da hantsaki tun suna da ɗumi, a ajiye su a kan takarda nesa da tufar. Duk abin da aka cire a wannan mataki ya rage aikin da ke gaba.

Kwashe ragowar da ta liƙe

Bayan kalmasar ta buɗe, za a ga layi mai sheƙi ko mai kaushi a ɓangarorin biyu da suka haɗu a da. Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi gajiya su koma ga reza ko fetur su lalata tufa. A shimfiɗa yadin a buɗe, gefen da ke da gam yana sama. A ɗauki sabon tsumma mai ɗan damshi, a ɗora shi kai tsaye a kan layin gam ɗin, a ɗora dutsen guga na kimanin daƙiƙa 10, sannan a ɗaga dutsen a ɓamɓare tsumman nan take tun yana da zafi. Za a ga wani ɓangare na gam ɗin ya bar tufar ya koma jikin tsumman. Idan aka jira ya huce, tsumman zai manne da tufar, sai an sake ɗumama shi kafin ya saki.

Ƙa'idar da ba a karya ta a nan ita ce, kowane ɗorawa sai da sabon wuri mai tsabta na tsumman. Wanda ya maimaita da wurin da ya riga ya kwashi gam, mayar da shi kan tufar yake yi. A riƙa matsar da tsumman, idan ya cika a jefar da shi a ɗauko wani. Tsumma mai ɗan kaushi, kamar tsohon tawul marar kauri ko zanin auduga da ya sha wanki, ya fi mai santsi kama gam. Wasu suna amfani da takarda mai ruwan ƙasa marar rubutu, irin ta ambulan, kuma tana aiki a kan gam marar kauri, sai dai takan yage ta bar ɓurɓushi a jikin yadi, shi ya sa na fi son tsumma. Yanki ɗaya yana iya bukatar a maimaita masa sau da dama, kuma kowane zagaye abin da ke fita yana raguwa. Idan aka ga tsumman ya fara tashi fes babu komai a jikinsa, zafi ya gama nasa aikin, ƙara ɗora dutse daga nan wahalar da yadi ne kawai.

A yadi mai ƙarfi kamar jins ko kaki, ana iya haɗawa da kankarewa. Bayan an ɗumama wurin, a bi shi da bakin cokali ko gefen katin roba a hankali, ana bin tsawon zaren saƙa, ana goge abin da ya taru a bakin cokalin da takarda. Wuƙa mai kaifi da reza ba su da gurbi a nan, domin kafin su ɗauke gam sun yanke zare. Akwai kuma dabarar yatsa: idan wurin ya huce har hannu zai iya taɓa shi amma bai yi sanyi ba, murza shi da babban yatsa yana naɗe gam ɗin ya zama ƙananan dunƙule da za a tsince.

Idan gam ɗin ya taru ne wuri ɗaya da kauri, kamar inda aka ninka shi biyu a kusurwa, sanyi yana taimakawa. A sa ƙanƙara a leda a ɗora a wurin na 'yan mintuna, ko a sa tufar a leda a ajiye ta a firiza na kimanin awa 1, gam ɗin zai ƙara tauri ya riƙa karyewa idan aka lanƙwasa yadin. Wannan dabara dunƙule take cirewa kawai, ba ta taɓa wanda ya riga ya shige cikin saƙa.

Sifirit da sauran sinadarai

Idan bayan duk wannan akwai sauran kaushi ko danƙo, sai a koma ga sifirit, irin wanda ake samu a kemis. A kashe dutsen guga tukuna a kai shi wani wuri, a bar tufar ta huce gaba ɗaya, a buɗe tagogi. Sifirit yana kama wuta cikin sauƙi, don haka ba a aikinsa kusa da murhu ko gas ko gawayi ko fitilar aci-bal-bal, kuma a nisanta shi daga yara. A tabbata marar launi ne, domin akwai wanda ake sa wa launi.

A ninka farin tsumma a sa a ƙarƙashin wurin, domin ya tsotse abin da ya ratsa. A jiƙa auduga da sifirit a dangwala a kan gam ɗin, a bar shi ya jiƙa na minti 3 zuwa 5, ana ƙarawa idan ya bushe. Daga nan a murza da wani tsumma mai tsabta, ana farawa daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa domin kada ya bazu, ko a kankare da katin roba. Sifirit yana sassauta riƙon gam da yawa, musamman na dangin nailan, amma ba kowane iri yake yi wa tasiri ba. Idan an gwada sau biyu ko uku ba a ga canji ba, ƙara zubawa ba zai canza komai ba. A kuma riƙa duba audugar; muddin aka ga launin tufar a jikinta, rini ya fara zuba ke nan, a tsaya nan take. Kayan da aka rina da hannu, irin na baba da ake yi a marina, sun fi saurin zuba, shi ya sa gwajin farko ya zama wajibi a kansu.

Abu na gaba da ya fi sifirit ƙarfi shi ne asiton, wanda yake cikin yawancin ruwan goge jan farce. Yana da amfani a kan farar auduga da lilin, amma haɗarinsa babba ne, domin yana narkar da yadin asitet gaba ɗaya har ya huda shi, kuma da asitet ake yin shafin kwat da na wasu riguna masu santsi. Yana kuma ɓata duwatsun ado na roba da zanen da aka buga a jikin riga. Ruwan goge farce da yawa suna ɗauke da mai da turare da launi waɗanda ke barin nasu tabon. Ra'ayina shi ne kada a kai asiton kusa da duk yadin da ba a tabbatar da asalinsa ba. Kalanzir da fetur kuwa, duk da cewa wasu suna ba da shawararsu, ba na ganin dalilin amfani da su: suna barin tabon mai da warin da ke daɗewa, ba su da tasiri sosai a kan irin wannan gam, kuma tufar da ta sha su haɗari ce kusa da wuta.

Bayan sinadari, a shanya tufar a inuwa inda iska ke kaɗawa har warin ya tafi. Sai a shafa ɗan sabulun ruwa a wurin, a cuɗa a hankali, a wanke tufar gaba ɗaya yadda aka saba, domin wanke wuri ɗaya kawai yakan bar shatin ruwa. Ba a kai dutsen guga kan yadin da sifirit bai gama bushewa a jikinsa ba. Kafin gugar farko bayan wanki, a shafa wurin da yatsa, idan akwai sauran kaushi a rufe shi da tsumma sannan a goge.

Yadudduka masu bukatar kulawa ta daban

Shadda tana da nata hukuncin. Ta asali auduga ce, tana jure zafi, amma ƙyallinta a saman yadin yake, kuma ruwa da tururi da sifirit duk suna dusashe shi su bar shati a fili, musamman a sabuwar shadda da ba ta taɓa shiga ruwa ba. A kanta gara a yi aikin da busasshen tsumma, daga bayan yadi kawai, a ƙara wa dutsen 'yan daƙiƙoƙi a maimakon damshi. Idan dole sai an jiƙa, to a shirya wanke rigar gaba ɗaya, a sa mata sitaci, a kai ta wurin masu bugu domin ƙyallin ya daidaita ko'ina.

Leshi da shifon da sauran yadi masu shara-shara matsalarsu ita ce gam yana ratsa su ya fito ta fuska. A nan a sa tsumma sama da ƙasa, a rage zafi, a gajarta lokacin zuwa daƙiƙa 5 ko 6, a kuma ɓamɓare tsummokin biyu tun da ɗumi. Idan akwai duwatsun ado kusa da wurin a kauce musu, domin yawancinsu da irin wannan gam aka manna su, zafi ɗaya zai sake su. Karammiski da duk yadi mai gashi ba a ɗora masa dutse ko kaɗan, tururi kawai ake ba shi, ko dai na dutse mai fesa tururi da aka riƙe sama da yadin, ko na bakin butar shayi da ke tafasa, tare da kula da hannu. Ulu na kwat yana son jiƙaƙƙen tsumma da matsakaicin zafi, amma yana saurin yin sheƙi idan aka danna shi. Kwat mai tsada, a ganina, kai ta wurin ƙwararru ya fi, tare da faɗa musu ainihin abin da ya liƙe da duk abin da aka riga aka shafa.

Akwai kuma farin ƙyalle mai gam da teloli ke mannawa a cikin kwala da bakin hannun riga domin su tsaya ƙyam. Hanyar cire shi ɗaya ce da ta kalmasa, sai dai gam ɗinsa ɗigo-ɗigo ne a faɗin wuri, kuma idan za a manna sabo a gurbinsa babu bukatar a wahala wajen cire kowane ɗigo.

Wanda dutsen gawayi kawai yake da shi zai iya yin aikin, amma tun da babu makunnin daidaita zafi, sai ya riƙa gwada dutsen a kan wani farin tsumma kafin kowane ɗorawa. Idan tsumman ya fara sauya launi zuwa ruwan ƙasa, zafin ya yi yawa, a jira ya sauka. A kuma ninka tsumman kariya biyu, a karkaɗe toka nesa da tufar, domin toka tana mannewa a narkakken gam ta zama baƙin tabo mai wuyar fita.

Tsabtace dutsen guga

Gam ɗin da ya liƙe a ƙasan dutse yana ƙonewa ya yi baƙi, ya riƙa shafar duk tufar da aka goge. A kunna dutsen ya yi matsakaicin zafi, a ninka tsohon tawul na auduga da kauri a kan tebur, a riƙa goga dutsen a kansa da ƙarfi ana sauya wuri har ƙasan ya yi fes. Abin da ya rage, a cire filogi a bar dutsen ya huce sarai, sannan a goge shi da tsumma mai sifirit. Ba a kankare shi da wuƙa ko soson ƙarfe, musamman dutsen da aka yi wa rufin hana mannewa, domin duk karcen da aka yi masa zai riƙa kama zaren tufafi daga baya.

Shatin tsohuwar kalmasa da sake yin sabuwa

Bayan gam ya fita, sau da yawa karin tsohon ninkin yana nan. A gauraya farin ruwan khal da ruwa daidai wa daida, a jiƙa tsumma a matse, a ɗora a kan karin daga bayan yadi, a danna dutse har tsumman ya bushe, a maimaita idan da bukata. Wannan yana kwantar da kari a yawancin auduga da ulu. Foliyesta yana riƙe karin da aka yi masa da zafi mai yawa, wani lokaci ba ya sakinsa duka. Idan kuma layin ya koɗe ne saboda gogayya da wanki, kamar yadda ake gani a bakin tsohon wando, guga ba za ta mayar masa da launi ba, sai dai a bi kansa da layin ɗinki mai zare kalar yadin, ko a rufe shi da siririn ado idan tufar ta mata ce ko ta yara.

Haka nan a sani cewa gam ɗin da aka manna da zafi mai yawa a yadi mai sakakkiyar saƙa ba lallai ne ya fita ɗari bisa ɗari ba. Idan ɗan kaushin da ya rage yana ɓangaren ciki ne, ba ya danƙo, ba a kuma ganinsa ta fuska, barinsa ya fi ci gaba da ƙona yadin da jiƙa shi da sinadari. Sau da yawa ma sabuwar kalmasar za ta rufe shi.

Wajen sake kalmasar, idan tufar yaro ce mai girma ko labulen da ake iya sauya wa taga, allura da zare sun fi, domin warware su aikin 'yan mintuna ne. Idan kuma gam za a sake sawa, a wanke yadin tukuna ya gama tsukewarsa, a yanka gam ɗin ya ɗan fi ninkin ƙanƙanta ta yadda ko kaɗan ba zai leƙo ta gefe ba, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗora dutse yanki-yanki na daƙiƙoƙin da aka rubuta a jikin kwalinsa, sannan a bar kalmasar a shimfiɗe ta huce gaba ɗaya kafin a ɗaga tufar daga tebur.